Tafiyar Bishara Ta Kwana Goma: Wa Ya Ce Ku Zo?

Maganar wannan makon ta shafi wata al'ada da ta yi ƙarfi a majami'un Amurka, ta bazu zuwa Turai da Koriya ta Kudu, yanzu kuma ga ta tana tsiro a majami'un ƙasarmu: a tara matasa goma sha biyu ko ashirin, a buga musu riga iri ɗaya, a tura su wata ƙasa su yi aikin bishara na kwana goma ko mako biyu, su dawo. Mun san a cikinmu akwai masu zuwa coci ranar Lahadi, akwai masu zuwa masallaci ranar Juma'a, don haka tun wuri mu faɗa, ba gardamar addini muka kawo ba. Wanda ya gaskata an umarce shi ya kai saƙo, wannan tsakaninsa ne da Wanda ya aike shi. Abin da muke ja da shi shi ne shirin da ake yi wa tafiyar, domin in ka bi shi daga farko har ƙarshe za ka tarar matafiyi aka yi wa tanadin komai, wanda za a je wurinsa kuwa ko sunansa babu a takarda.

Muna kuma da bakin magana a nan. Ƙasarmu ta fi shekara ɗari tana karɓar irin waɗannan baƙi, mun san yadda abin yake ta wajen mai masauki. Ban da haka, duk wanda aka san yana ɗan taɓa rubutu a ikkilisiya, shi ake miƙa wa wasiƙar neman gudummawa ya tsara, shi ake sa wa ya rubuta rahoto in an dawo, wani lokacin ma shi ne tafinta. Ke nan alƙalaminmu yana cikin sha'anin, ko mun so ko mun ƙi.

Ku nemi takardar shirin irin wannan tafiya ku karanta, ko ta wace majami'a ce, kusan duk kanwar ja ce. Fasfo da biza. Katin allurar rigakafin shawara, wanda ƙasashen Afirka da yawa ba a shigarsu sai da shi. Maganin zazzabin cizon sauro, gidan sauro, takalmi mai ƙwari, cajar waya. Kada a sha ruwan rijiya, kada a ci ɗanyen ganye. A sayi alewa da balan-balan saboda yara. Sai a ƙara da taron addu'a na 'yan makonni, da koyon waƙa biyu da gaisuwa uku a harshen mutanen. Ba mu ce ko ɗaya cikin waɗannan banza ne ba. Wanda ya shigo yankinmu da damina ba maganin sauro, jinya ya kawo wa masu masaukinsa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa sun fafe nasu tun saura wata uku. Sai dai goran ruwan shansu ne su kaɗai. Tambayar da ta kamata ta hau layin farko, wato wa ya ce ku zo, kuma me ya ce ku zo ku yi, sau da yawa ba ta cikin takardar sam.

Kada kuma a ɗauka ƙaramar harka ce. Robert Wuthnow, masanin zamantakewa a jami'ar Princeton, ya ƙiyasta cewa Amurkawa wajen miliyan 1.6 ne ke fita irin wannan tafiya a kowace shekara. Ku ɗauki kuɗin tikitin jirgi kaɗai ku ninka, za ku ga irin dukiyar da ake magana a kai.

Akwai wanda ya zauna ya yi lissafin. A ƙarshen 1998 guguwar Mitch ta ragargaza ƙasar Honduras, dubban mutane suka mutu, gidaje ba adadi suka rushe. Majami'un Amurka da Kanada suka riƙa turo ayari-ayari na masu gini. Kurt Ver Beek, malami a kwalejin Calvin wanda ya daɗe zaune a Honduras, ya bi diddigin gidajen bayan an gama, ya gano cewa ayari guda yakan kashe wajen dala 30,000 a tafiyar da aka gina gida ɗaya a cikinta, alhali ƙungiyar Kirista ta 'yan ƙasar tana gina irinsa a kan dala 2,000. Ku raba da kanku: gida goma sha biyar ke nan aka mayar ɗaya. Ya tambayi waɗanda aka gina wa, bai ga wani bambanci mai ɗorewa ba tsakanin wanda baƙi suka gina wa da wanda 'yan gari suka gina wa. Ya koma kan matafiyan, da yawa suka ce tafiyar ta sauya rayuwarsu, sun ƙara hannun bayarwa. Da ya duba littattafan baiko, sai ya tarar ƙarin bai taka kara ya karya ba.

Masu kare al'adar suna da amsa, mun kuma ji ta. Sukan ce da ba don tafiyar ba, da kuɗin ma ba su fito ba, domin kaka za ta ba jikanta dala ɗari ya je Afirka, amma ba za ta aika wa faston da ba ta taɓa gani ba ko sisi. Gaskiya ne, sai dai mai faɗar ya tona wa kansa asiri, don ya nuna jikan ake biya wa, ba ƙauyen ba. Sukan kuma ce tafiyar tana buɗe idon matashi. To madalla, tafiya mabuɗin ilimi ce, ba mai musu. In haka ne sai a kira abin da sunansa, a ce tafiyar neman ilimi za a yi, mutanen ƙauyen su ne malamai, a kuma biya su ladan koyarwa. Abin da ba za mu lamunta ba shi ne a tara kuɗi da sunan talaka, a kashe mafi yawansu a kan ɗan mai hali, sannan a tsayar da talakan a gaban kyamara ya yi godiya. Wannan suka kuwa ba daga maƙiyan coci ta fito ba. Steve Corbett da Brian Fikkert, waɗanda suka wallafa When Helping Hurts a 2009, Kiristoci ne masu koyarwa a kwalejin Kirista, kuma 'yan uwansu suka rubuta wa.

Sai aikin kansa. Yaron da bai taɓa kwaɓa siminti a garinsu ba, shi ne zai zo ya ɗora bulo a garin da magina ke zaune ba aiki. Leburan da zai samu abin cefanen kwana goma ya koma ɗan kallo. Bangon makarantar da aka shafa wa fenti bara, bana wani ayari ya zo ya sake shafawa, don shi ne aikin da baƙo zai iya gamawa kafin jirginsa ya tashi, ya kuma yi kyau a hoto. Buhunan tufafin da aka raba kyauta, tela da ɗan gwanjo ne ke jin su a kasuwar makon. Duk wannan asarar kuɗi ce da lokaci, ana iya jurewa. Inda abin ke zama na rai shi ne lokacin da kyakkyawar niyya ta sa mutum ya ɗauka ya iya abin da bai koya ba.

Renee Bach tana da shekara 18 ta fara zuwa Yuganda a 2007. Ta koma ta kafa wata cibiya a Jinja mai suna Serving His Children, wadda ta zama wurin kwantar da yara masu tamowa. Ba likita ba ce, ba nas ba ce, takardar sakandare gare ta. Daga 2010 zuwa 2015 cibiyar ta karɓi yara wajen 940, 105 daga cikinsu suka mutu. Hukuma ta rufe wurin a 2015, iyaye mata biyu suka kai ƙara a 2019, aka sasanta a 2020 da biyan diyya ba tare da ta amsa laifi ba. Adalci ya sa mu faɗa cewa yaran sukan zo a galabaice, kuma ta musanta cewa ta taɓa kiran kanta likita. Amma ku juya hoton. A ce yarinya 'yar Funtuwa da takardar sakandare ta sauka a wani gari na Amurka ta buɗe ɗakin kwantar da jarirai marasa lafiya. Kwana nawa za ta yi kafin a rufe ta? Wa zai tara mata gudummawa? Abin da ya sa aka ga na farkon ya halatta shi ne wani tunani da ba a furtawa, wai a wurin talaka ko wane irin hannu ya isa.

Haka a Haiti. Girgizar ƙasa ta faɗa ranar 12 ga Janairun 2010, kafin watan ya ƙare aka kama Amurkawa goma 'yan Baptis, yawancinsu daga jihar Idaho, a bakin iyaka da yara 33, za su tsallaka da su Jamhuriyar Dominika ba takardar izini. Sun ce marayu suka ceto. Bincike ya nuna yawancin yaran suna da uwa ko uba a raye. Mu da muka tashi a gidajen da ɗan ƙanwa da ɗan wa suke cin tuwo a kwano ɗaya, mun san yaro ya rasa uba bai zama ba shi da kowa ba. Wanda bai san wannan ba, ya ga yaro ba takalmi a kango, sai ya ce maraya ne. Ƙungiyoyin kare yara irin su Lumos sun daɗe suna cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da aƙalla mahaifi ɗaya a raye, kuma kuɗin baƙi masu ziyara na daga cikin abin da ke sa a yi ta cika gidajen. Har ta kai Ostireliya, a dokarta ta 2018, ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'in bautar zamani. Duk da haka ziyarar gidan marayu tana nan a jadawalin ayari da yawa: a rungumi yara kwana uku, su saba, a tafi, wata mai zuwa wasu su zo su runguma.

Bari mu dawo gida, don tarihinmu yana da abin faɗa. Ba za mu wanke 'yan mishan na farko ba. A inuwar mulkin mallaka da yawansu suka shigo, kuma wasu abubuwan da suka rubuta a kanmu in ka karanta sai ranka ya ɓaci. Amma ku dubi irin shirinsu. Dakta Walter Miller na ƙungiyar CMS sai da ya je Tarabulus ya zauna cikin Hausawan can yana koyon harshe, kafin ya tako ƙasar Hausa a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell. Da harshen a bakinsa suka isa Kano, amma ba wanda ya kira su, Sarki Alu ya ce su fice masa daga gari, suka fice. Harshe bai maye gurbin gayyata ba tun a wancan lokacin. Miller ya zauna Zariya daga 1905, ya yi shekaru yana fama da fassara har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, a ƙasar nan kuma ya mutu a 1952. G. P. Bargery, wanda ƙamusunsa na 1934 har gobe mu marubuta muke komawa gare shi, da aikin mishan ya fara zuwa, kuma ya fi shekara goma yana tattara kalmomin. Walter Gowans da Thomas Kent, waɗanda suka sauka Ikko tare da Rowland Bingham a Disamban 1893, bayan kimanin shekara guda suka mutu, ɗaya a Girku ɗaya a Bida. Ko ka yarda da abin da suka kawo ko ba ka yarda ba, sun biya kuɗinsa da shekarunsu. Shi kuwa ɗan kwana goma yana so a ba shi irin sunansu da farashin tikiti.

Kuma ko a cikin waɗancan akwai abin da ya kamata ya tsaya wa marubuci a rai. J. F. Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885. Mai maganar kuwa, mafi yawa, Dorugu ne, yaro ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, ya zauna gidan Schön yana ba da labari ana rubutawa. Sunan wa ke bangon littafin? Wannan rabon bai canja ba. A yau in baƙo ya tsaya yana wa'azi da Turanci a dandalin ƙauye, wanda mutane ke saurara shi ne tafinta. Shi ke gyara misalin dusar ƙanƙara ya mayar da shi hunturu, shi ke sassauta kalmar da za ta zama zagi a gaban mai gari, shi ke sanin inda zai yi kamar bai ji ba. In aka zo hoto, sau da yawa shi ake ba wayar ya ɗauka.

Sai maganar ƙirga. Rahoto ya ce mutum ɗari uku sun ɗaga hannu sun karɓi saƙo. Duk wanda ya tashi cikinmu ya san me ɗaga hannun nan yake nufi. Muna da kara, muna da kunya, ba ma ƙaryata baƙo a bainar jama'a, balle wanda ya zo da magani da alewa. Dattijo zai ce to, madalla, Allah ya saka, kuma ba abin da ya sauya a zuciyarsa, bai kuma yi ƙarya ba a ma'aunin garinsu. Ladabi ya yi. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Sai ya rubuta ladabi a matsayin tuba, ayarin baɗi ya zo ya sake ƙirga mutanen nan dai. Faston ƙauyen da ya san mutum nawa ke zama a bencinsa ranar Lahadi ya ga rahoton ya yi shiru, don in ya yi magana rufin kwanon da aka yi masa alkawari ya tafi.

To yanzu ƙwallo ya dawo ragarmu, domin Najeriya ta daɗe da zama ƙasa mai aikawa. Ƙungiyar EMS, reshen bishara na ECWA, tun 1948 take. CAPRO a Zariya aka kafa ta a 1975. Waɗannan sun tura mutane da iyalansu sun zauna shekaru a inda aka kai su, a kan albashin da bai kai ya kawo ba. Amma ga sabon yayi: matasan birni su yi hayar bas a hutun makaranta su nufi Maraɗi ko Garwa ko Injamena, da rigarsu iri ɗaya da lasifika, abin da suka gani a bidiyon Amurkawa. Kuma mu muna da wani tarko da Ba'amurke ba shi da shi, wato mu ce ai muna jin Hausa, ba sai mun koyi komai ba. Ka tsallaka Jibiya ka shiga kasuwar Maraɗi, a ce maka dala ashirin, in ba ka san dala sefa biyar ce ba, ka fara ɓata tun daga kuɗin shayi. Can makarantar boko lakwal ce, malaminta mushe, likita kuma yakan zama wurin da ake zuwa neman magani. Waɗannan ƙanana ne, mako guda ya ishe ka. Babban shi ne halin nan namu na ɗan Najeriya, mu shiga garin mutane da ƙarar murya muna ganin mu ne babban yaya. Kiristocin Nijar ba su kai kashi 2 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba. Zaman da suke yi da maƙwabtansu Musulmi, da gaisuwar suna da ta mutuwa da rabon naman Salla da na Kirsimeti aka gina shi, shekara da shekaru. Lasifika ɗaya a bakin yaro mai zafin kai tana iya rusa shi a yammaci guda, bas ta juya gida da safe.

Wannan shi ne abin da takardar shiri ba ta taɓa lissafawa: wa zai kwana a garin bayan kun tafi? A Janairun 2015, zanen da wata jarida ta buga a Faris ya zama sanadin da aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, aka rasa rayuka. Alhakin ƙonawa yana wuyan masu ƙonawa, ba mu rage musu ko ƙwayar zarra ba. Amma darasin a fili yake, abin da aka yi daga nesa, na kusa ne ke ɗaukar dukansa. A Yulin 2007 'yan Taliban suka tare bas a lardin Gazni na Afghanistan suka kama 'yan Koriya ta Kudu 23 daga majami'ar Saemmul, waɗanda suka je gajeriyar tafiya duk da gargaɗin gwamnatinsu. Aka kashe biyu, sauran suka fito bayan kusan mako shida, cikin sharuɗɗan sakin kuma har da hana 'yan mishan na Koriya aiki a ƙasar. Waɗanda suka yi shekaru can suna aikin asibiti da makaranta a natse, su ma tattara kaya suka yi. Mu ma a yankinmu hanya ba yadda take da ba ce. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma wanda zai kwashi 'ya'yan mutane ya tsallaka iyaka da su bai tambayi halin hanya da na takardu ba, ba bangaskiya ya nuna ba, ganganci ya yi.

Wani zai ce ai manzanni ma tafiye-tafiye suka yi, wani garin 'yan makonni kawai Bulus ya zauna. Haka ne. Amma Bulus yana jin Helenanci, ba ya neman tafinta a kasuwar Atina. A Korinti shekara ɗaya da wata shida ya yi, yana ɗinkin tanti yana ci da kansa, a Afisa kuma wajen shekara uku. A sura ta goma ta Bisharar Luka, waɗanda aka aika bibbiyu an hana su ɗaukar jaka da kuɗi, an ce su zauna gidan da ya karɓe su, su ci abin da aka ba su. Wato an aike su a matsayin masu buƙatar mai masauki. Ayarin yau kuwa da akwatuna biyu-biyu yake sauka, da abincinsa na gwangwani, ya kwana otal mai janareta, ya shiga ƙauye da hantsi ya fita kafin magariba. Mai masauki ba shi da abin da zai ba su, kuma ba abin da ke ƙasƙantar da mutum a al'adarmu kamar baƙon da ya ƙi cin abincinka.

Ba mu ce kowace gajeriyar tafiya ɓarna ce ba. Asibitin Galmi da SIM ta buɗe a Nijar a 1950 yana karɓar likitocin da kan zo na ɗan lokaci. Likitan fiɗa ya zo wata ɗaya don na wurin ya samu ya huta, wannan taimako ne da kowa zai gani: an nemi shi, ya iya aikin, yana ƙarƙashin waɗanda ke wurin, kuma in ya tafi aikin bai tsaya ba. Mai gyaran famfon burtsatse da aka kira don ya koya wa matasan gari, haka. Bambancin duka yana ga wanda ya fara buɗe baki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu ga namu kason, mu masu alƙalami. Wasiƙar neman gudummawa tana da wasu kalmomi da suka zama kamar gado: mutanen da ke cikin duhu, ƙasar da aka manta da ita, ba su da komai amma kullum suna murmushi. Da irin waɗannan aka kwatanta kakanninmu a mujallun mishan na Landan da Toronto, yau kuma mu ne za mu ɗauko su mu shafa wa mutanen Tasawa ko na Mundu? Wanda ya ce ba su da komai, bai shiga rumbu ba, bai san wa ke da shanu a daji ba, bai san matar nan mai tsumma ita ce uwar adashin unguwa ba. Murmushin kuwa na ganin baƙo ne. Mu ma muna yi. Sai hoto. Ba wanda zai yarda baƙo ya shigo gidansa a Kaduna ya ɗauki ɗansa ba riga da majina a hanci ya sa a Facebook ya rubuta a taimaka. In ba za ka yarda a yi wa naka ba, to na wani ma ɗa ne. Wanda ya sauya addini a garin da hakan ke iya raba shi da gidansu, sa fuskarsa da sunan ƙauyensu a intanet don a burge masu ba da kuɗi, wannan sayar da shi ne.

Saboda haka in shugaban matasa ko fasto ya miƙo maka takarda ya ce ɗan tsara mana wasiƙar nan, ka karɓa da ladabi, amma ka ce, Baba, a ba ni wasiƙar da mutanen can suka aiko tukuna, in ga abin da suka nema da bakinsu. Ka nemi jimillar kuɗin tafiyar, ka nemi nawa ne a ciki zai tsaya a hannun masu masauki, ka rubuta lambobin biyu kusa da juna inda mai bayarwa zai gani. Ka tambayi wa zai biya tafinta da matan da za su yi girki, da wanda zai bar gonarsa kwana goma yana yi muku jagora. Ka sa sunan faston can a sama, da izininsa, a matsayin mai aikin, ku kuma masu kama masa. In an dawo, kafin rahoto ya hau ko'ina, a aika masa ya karanta da harshen da yake ji, ya soke abin da ya ga dama. In kuwa aka tambaye su tun farko suka ce a bar matasan a gida, a aiko da kuɗin bas a sayi kwanon rufi da buhun gero goma, to wannan amsar ma ka rubuta ta a wasiƙar yadda suka faɗe ta, a karanta wa ikkilisiya ranar Lahadi.